Faifan da Ya Maƙale

Motar Beljiyam ce, ja, mai ƙofa huɗu.
Barau ya koro ta daga Kwatano, kwana uku,
ya ajiye ta gindin darbejiyarmu a Yalwan Tudu
kafin dillali ya samo mai saye.
A aljihun gaba akwai tsinken gashin wata,
a bakin rediyon kuma faifai ya maƙale.
Mun danna, mun zungura da cokali, ya ƙi fita.

Daren nan babu wuta, zafi ya kore mu daga ɗaki.
Ya ce, "Hajjo, zo ki sha sanyin mota."
Na shiga da tsumman girki a kafaɗa.
Ya murza makulli, sai ga wata mata
tana jan murya kamar zuma daga ludayi,
ganga a ƙarƙashinta tana sanɗa:
taku biyu, a dakata, taku ɗaya.

Ban ji kalma ko guda ba, amma na san roƙo.
Ko da yaren aljanu aka yi shi, na san roƙo.

Waƙa ta huɗu ta zo da wani ƙato
mai tsakuwa a maƙogwaro,
yana sara magana kamar mahaucin Wunti,
madubin gefe har karkarwa yake.
Barau ya ce, "Wannan cika baki yake yi,
irin na saurayin da ba shi da ko sisi."
Na ce, "Kai ka ji yaren?"
Ya ce, "Ni ma na taɓa yi."

Washegari muka tare Malam Ishaya,
mai koyar da Faransanci a sakandaren 'yan mata.
Ya kasa kunne, ya cire tabarau, ya mayar.
Ya ce, "Faransanci ne da ya haye teku bai dawo ba.
Kiriyol, na tsibiran da aka kai bayi noman rake.
Harshen ubangida suka tauna, suka furzar da ƙashin.
Mai sanyin nan zuk suke ce mata,
mutum biyu ke taka ta, ƙirji da ƙirji,
a filin da bai kai faifan tankaɗe ba.
Mai zafin kuwa dansol."
Na ce, "Me matar take faɗa?"
"Rabi na kama. Wai ya hau jirgi neman kuɗi,
har yau kwano biyu take wankewa."
"Namijin fa?"
Ya yi tari. "Maman Sadiya, bar wannan."

Shekara goma sha tara
ban kira sunan Barau a gabansa ba.
Son da muka iya shi ne tsire a takarda, da sauran ɗumi,
shi ne ruwan wanka da na sirka kafin asuba,
shi ne "kin kulle ƙofa?" ta waya daga Mokwa.
Su can sun kwance nasu a tsakar titi,
sun shanya kamar barkono, kowa ya yi atishawa.
Ban ce namu ya fi ba. Ban ce nasu ba.
Na dai ga hannunsa kwance kan sitiyari,
na ɗora nawa.
Ya kalli darbejiya kamar yau aka dasa ta.
Muna nan har batir ya soma nishi.

Ranar Laraba wani mai shagon taya daga Azare ya biya.
Ya ce, "Rediyon na aiki?"
Barau ya ce, "Sai dai ba ya tofar da abin da ya haɗiye."
Haka ta tafi, da matar, da ƙaton, da kwanon nan biyu.

Yanzu ya koma hanya.
In ya kira da dare, kafin ya tambayi ƙofa
yakan yi shiru,
sai in ji yatsunsa a kan sitiyari:
biyu, ya dakata,
ni kuma in buga ɗayan a murfin tukunya.