Akwatin da Ba a Buɗewa

Malam Barau ya bar masaƙar Kakuri
ranar da aka ɗaure ƙofarta da sarƙa.
Sukurdireba ɗaya ya fito da ita a aljihun gaba,
kuɗin sallama kuwa har yau suna hanya.
Ya kama rumfa a Tudun Wada, jikin mai wankin hula,
ya rubuta da fenti: Ana gyaran kwamfuta.
Ni ne yaron da ke riƙe masa tocila.

Yakan ce, kafin a haife ni
kwamfuta ɗaki guda ce, mai sanyi kamar randa,
daga gwamnati sai banki ke da ita.
Ka miƙa takardarka ta taga, ka koma benci ka jira.
Sai wasu masu taurin kai, can ƙetaren teku,
suka ce a sauko da ita kan tebur,
kowa ya mallaki tasa kamar rediyo.
Yana faɗi yana kwance noti, bai ko ɗago ba:
"Abin da ba ka iya buɗewa ba naka ba ne,
haya kake yi, ko da ka biya."

Wata Laraba Kazah ya hau bas daga Sabon Tasha
da faifai a cikin ledar burodi,
manhajar da ba ta da maigida.
Ka kwafa, ka gyara, ka ba na kusa da kai.
Na ce, ba sata ba ce?
Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ɗiban wuta ne, yaro.
Maƙwabciya ta ɗauki garwashi,
murhunka ya mutu?"
Daren nan mun kwafi goma sha bakwai
kafin janareta ya shanye mansa.

Daga baya aka zo da zancen littafin kuɗi
wanda ba ya kwana a hannun mutum ɗaya.
Inna Delu mai ƙosai ta saurara, ta taɓe baki,
ta ce adashinsu ya girmi wannan wayo:
tun da uwar adashi ta gudu Zariya da kuɗin kwasa
kowace mace take jan nata layin a bangon ɗaki.
Amma na ga samarin Barnawa sun sayar da babur
sun sayi kuɗin da ba a taɓawa,
suna kallon waya kamar mai jiran ruwa a bazara.
'Yanci aka ce musu.
Wasu riba suka ji.

Mu ma fa, da ƙafarmu muka koma taga.
Hoton suna, muryar uwa, sirrin dare,
duk mun kai ajiya gidajen da ba mu san ƙofarsu ba,
muka danna "na yarda" ba mu karanta ba.
Ranar da aka ɗauke layi
mutane suka yi ta ɗaga waya sama a kan tudu
kamar masu roƙon gafara.
Malam ya dube su, bai ce uffan ba,
ya ci gaba da hura ƙurar wata tsohuwar na'ura.

Bara muka kai shi makwancinsa.
Sukurdirebar tana wurina, bakinta ya cinye.
Jiya na juya sabuwar waya gaba da baya,
babu noti ko ɗaya, an liƙe ta ruf kamar ƙwai.
Sai Hajjo, yarinyar da ke koyon aiki a rumfar,
ta karɓa, ta gasa gefenta da iska mai zafi,
ta zura reza a hankali, harshe tsakanin haƙora.
Murfin ya ce ƙyas.

Ta ce, "Oga, matso da tocilar."