Kwana Goma Sha Ɗaya

Bara kwana goma sha ɗaya kacal muka kunna ta.
Sauran shekara tana kwance a bakin ruwan Bronx
kamar tsohuwar saniya mai tuƙa,
ni ina ɗura mata mai, ina kankare tsatsa.

Yau Yuli ya buɗe baki.
Kwalta ta yi laushi, tana kama dunduniyar takalmi.
Can tsallaken kogi, a benayen gilashi,
kowa ya murɗa na'urar sanyi har ƙurya.
Huɗu da kwata waya ta yi ƙara:
"Eusebio, gari na zuƙar wuta. Tashe ta."

Na tashe ta.
Ta yi tari sau biyu, tarin mai jin haushin farkawa,
ta kurɓi mai daga tanki,
daɓe ya soma rawa a ƙarƙashin sawuna.
Allura ta hau. Birni bai ɗauke ba.
Haka aikin yake: in ka yi daidai, ba mai sanin sunanka.

Hayaƙin ba baƙi ba ne yadda ake zato.
Siriri ne, rawaya-rawaya, mai ladabi,
kuma ran da iska ta mutu ba ya hawa sama.
Sai ya sunkuya ya bi layinmu,
ya wuce shagon wankin Madam Quiñones,
ya wuce filin ƙwallon kwandon da ragarsa ta yage,
ya hau hawa na huɗu babu ko sallama.

Tagar a buɗe take. Mu fanka gare mu.
Nélida, shekararta bakwai,
ta iya lissafin da ban koya mata ba:
shaƙa biyu, jira, shaƙa biyu.
Ƙirjinta na fito kamar butar shayi.
Uwarta ta turo mini kalma uku:
"Kun kunna ne?"

Na dubi allura, na dubi waya.
Albashin nan ne ya sayi abin shaƙar.
Wutar nan ce ke riƙe da asibitin
da za mu nufa in dare ya ƙi.
Wanda ya ɗaure ƙullin nan ya iya ɗauri,
ban ga bakin zaren ba.

Ƙarfe tara zafi ya sassauta, aka ce kashe.
Na kashe. Injin na ƙas-ƙas yana hucewa.
Na rubuta a littafin aiki:
awa huɗu da minti arba'in da biyar, babu matsala.
Na wanke hannu sau uku,
na kama hanyar da hayaƙin ya riga ni bi.