Ƙafa Uku

Na sayi gida a Toledo, layin da ke gangarawa kogi,
shekara tara ina biya, saura ashirin da ɗaya.
Rufin nawa ne, in ji takarda.
Rana kuwa ta Allah ce,
amma kafin ta shigo mini cikin waya
sai ta hau bene, ofishin izinin gini,
ta ja lamba, ta zauna a benci kamar kowa.

Arba'in da bakwai.
Delphine, ta bayan gilashi, tabarau rataye a wuya,
ta juya zanena ta ce ina wasiƙar injiniya
mai shaida katakon zai ɗauki nauyi
har da na ƙanƙarar Janairu?
Na ce rufin nan ya shekara saba'in bai ko yi tari ba.
Ta ce rufi ba ya sa hannu.

Na biya. Na dawo ran Talata.
Faranti ashirin da biyu na zana,
jan bironta ya cinye huɗu.
A bar ƙafa uku daga tozon rufi,
ƙafa uku a gefe, fili, ba a ɗora komai.

Na sauko ina lissafin asara.
A Funtuwa, Ɗanlami ƙanena
ya jingina tsani bayan la'asar,
kafin isha firjinsa na gurnani,
ko mai unguwa bai sani ba.

Na kai ƙara bakin shinge wajen tsoho Kowalczyk,
yana yayyafa wa tumatirinsa ruwa.
Ya kashe famfo. Ya daɗe yana duban rufina.
Bayan hannunsa na hagu sumul yake kamar leda,
gashi bai sake tsirowa ba.
Shekara talatin ɗan kwana-kwana.

Ya ce, wannan filin hanyata ce.
Da dare muke hawa, gatari a hannu,
hayaƙi ya rufe ido, tafin ƙafa ke gani.
Mu fasa rufi, zafin ya samu mafita,
na ƙasa su samu numfashi ɗaya ko biyu.
Inda ba wurin taka ƙafa, ba ma hawa.
In ba mu hau ba kuwa,

sai ya kunna famfonsa.

Mai duba aiki ya zo ran Alhamis da tef ɗin awo,
ya leƙa akwatin wuta, ya ja waya, ya yi tsaki,
ya sa aka canza ƙusa guda,
ya manna koriyar takarda ya tafi.
Saura kamfanin lantarki.
Kwana goma sha tara faranti na kwance a kashe,
rana na zuba a kansu,
kamar mai azumi a bakin rijiya.

Yanzu mita na tafiya da baya tsakar rana,
ina tsayawa kallonta da kofin shayi.
Faranti goma sha takwas. Har yau ina jin zafin huɗun.

Amma nakan ɗaga kai in ga filin nan,
ganye ya taru, kurege na bi da gudu,
ɗakin Rumasa'u daidai ƙarƙashinsa,
fitilarta a kunne, tana haddar jadawalin bakwai.
Hanya ce na share wa baƙon da ban san sunansa ba.
Allah Ya sa har rufin ya tsufa
kurege kaɗai ya san ta.