Wuyan Faranti

Rakiya ce ta bugo mini waya bayan Azahar:
"Nazifi, farantin setilayit ɗin Baba ya ƙi juyawa.
Kwana tara tasha ɗaya muke kallo,
wasu mutane na tallan tukwane,
babu mai jin abin da suke cewa."

Na rataya jaka, na goya Ɗanliti a babur,
daga Fagge muka ratsa Ƙofar Mazugal
zuwa Gwammaja, layin da kwata ta cinye rabinsa,
ruwan daren jiya na ta faman janyewa.

Alhaji Mamuda na kan kujera a falo.
Shekara talatin yana jan tirela,
Legas, Agadas, Injamena,
yau ɓarin dama ya shanye, wuya ya sandare,
idanu kaɗai ke kaiwa da komowa.
Rimot na hannun hagu. Ya danna, ya danna,
ya dube ni kamar ni na tare shi a shinge
na hana shi wucewa.

Ni daga ƙasa nake fara neman ciwo.
Na canja batir, shiru.
Na zare fis na ɗaga a haske, zarensa lafiya lau.
Na kara kunne jikin akwati, na ce a danna gabas:
ƙas! A danna yamma: ƙas!
Akwati dai yana ba da umarni,
can sama ne babu mai amsawa.

Mita ta nuna talatin da shida,
yau Nepa ta tsira daga bakina.
Na bi waya da yatsa, ta taga, ta bayan tanki,
ko ɓera ya yi kalaci da ita.
Bai taɓa ba. Sai tsani, sai hawa.

Kwano da zafi har cikin silifa.
Ga Dala can, ga Goron Dutse,
ga farantin ya kafe ido wuri guda
kamar mai jiran bashi.
Robar kan jak ta tsage,
damina ta shiga ta yi kwanan gida,
tsatsa ta riƙe sandar kam,
zanzaro ya yi ginin ɗaki uku a maƙogwaro,
wayoyin sensa biyu sun yi kore,
ina taɓa ɗaya sai ga ta tana marmashewa.

Ɗanliti, miƙo sifana sha bakwai.
Noti ya yi gardama, na ba shi kalanzir ya sha.
Na rushe wa zanzaro gida, ya yafe ni,
na kankare, na goge, na cusa giris,
na yanke ruɓaɓɓiyar waya na ɗaura sabuwa,
na yi wa jak hula da tsohon tiyub
don ruwa ya san ba nan ne masauki ba,
ya yi ta gangarewa.

Na leƙa tsakar gida: "A danna!"
Ya yi nishi. Ya gusa faɗin yatsa. Ya tsaya.
Ashe akwati ya mance iyakarsa,
ya ɗauka nan ne bangon duniya.
Na sauko na goge lissafin, na koya masa daga fari:
nan gabas ta ƙare, nan yamma,
tsakani duk naka ne, sai zagawa.

Gurrr, ta cikin silin muka jiyo shi.
Masar ta leƙo, Alhaji ya wuce.
Ƙwallo, ya wuce. Labaran Kamaru, ya wuce.
Rakiya ta ce, "Baba, wacce kake so a bar maka?"
Bai ko dubi allon ba.
Ya lumshe ido, kunne na sama,
babban yatsa a kan maɓalli
kamar ƙafa a kan totur,
gefen bakin da ya rage yana motsawa.

Na karɓi kuɗin giris da na waya.
Ban gaya mata jak ɗin nan
ba zai ga damina biyu ba.
Har muka kai bakin titi ina waiwaye:
yana zuwa gabas, yana dawowa.