Ɗigo Uku

Shekara huɗu ke nan
da gajiya ta sauka a gidana a Karlovo,
ba sallama, ba ranar tafiya.
Da ni ce malamar lissafi
mai haye bene uku da littattafai a hammata.
Yau taje kai ma aiki ne.
In na wanke kofi biyu,
sai in biya bashinsu da kwanciya har yamma.

Likita Dobrev ya juya takardun jini,
ya ce komai lafiya lau.
Na ce, to wa ya ɗura min yashi a ɓargo?

Abin haushin,
mai gajiya irin tawa ba ta barci.
An ce barci ɓarawo ne;
ni na bar masa ƙofa a buɗe,
ya tsallake ni ya shiga gidan maƙwabta.
Agogon coci ya buga biyu,
ya buga uku,
ina ƙirga katakon rufi, goma sha tara ne,
jiya ma goma sha tara.

A watan Yuli ƙanena Stoyko ya zo
daga matatar da ke gindin dutse,
inda ake dafa furen labanda a manyan tukwane
har tururi ya yi kukan mai.
Rigarsa ta riga shi shigowa ɗaki.
Ya ajiye kwalba mai ruwan ƙasa,
tsawonta bai kai babban yatsa ba.
Ya ce, “Nevyana, ba magani ba ne.
Kada ki sha, kada ki shafa shi zalla.
Ɗigo uku. Kin ji? Uku.”

Ni da na koyar da ƙidaya shekara ashirin
na zuba goma sha biyu.
Kaina ya sara har asuba,
kyanwata ta yi yaji zuwa kicin,
tun ranar ba ta ƙara kwana ɗakina ba.

Sai na koyi ladabi.
Ƙarfe tara in kashe waya,
in rage fitila,
in ɗiga uku a tsohon hankicin mahaifiyata,
in ajiye shi gefen matashin kai.
Ranar da ƙafafu ke zugi,
ɗigo ɗaya cikin cokalin man zaitun,
in murza tafin sawu a hankali
kamar mai lallashin yaro.
Na gwada man wardi, ya cika surutu,
yana tuna min bukukuwan da ban je ba.
Babunaj kuwa warin tuffa yake,
mun saba kaɗan-kaɗan.

Ina da littafi, halin malamai ba ya mutuwa:
Litinin, awa biyu.
Talata, babu.
Laraba, uku da rabi, da mafarkin jirgin ƙasa.
Ban san ko man ne,
ko duhun, ko jiran da na daina yi ba.
Lissafin ya ƙi fita, na bar shi.

Abin da na sani,
in ƙamshin ya taso
sai in ga gona shuɗiya har bakin dutse,
mahaifiyata a duƙe da lauje,
ƙudan zuma na bin zanen kanta,
ni ’yar shekara shida a inuwar amalanke
ba wanda ke jiran komai daga gare ni.
A nan numfashina ke sassautawa.

Daren jiya ban ji ƙarfe uku ba.
Ban ji huɗu ba.

Na farka, gajiyar na nan zaune bakin gado,
ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.
Amma na sa takalmi.
Na taka har ƙofar lambu, taki talatin da ɗaya,
na tarar da shamuwa biyu a kan turken lantarki
suna koya wa ’ya’yansu tashi.
Ɗaya ya buɗe fiffike, ya fasa.
Na ce masa, bari sai gobe,
na dafa shinge na huta.