Iya Ganin Ido

Wata bakwai jirgin na kan tebur,
fukafukai huɗu, lulluɓe da bargon ulu
kamar jariri mai mura.
Kurman jirgi ake ce masa.
Ni Ubalda na ce ba shi ne kurman ba,
kurman na zaune a Lima, hawa na shida,
bayan gilashi mai 'yar kafa.

Tsakaninmu da ƙauyen tsallake
kwazazzabon Kolka ne ya buɗe baki.
Ka ƙwala kira, su ji, su amsa.
Ka ce za ka je, sai ka ba alfadari awa biyar,
gangara, gada, hawa,
allurar masu ciwon suga ta isa da ɗumi kamar shayi.
Jirgina minti tara ne.
Ya kai magani, ya dawo da cuku,
sol goma sha biyu kowane sawu.

Sai takarda ta ce dakata.

Na kwana a motar dare, ƙafafu a kumbure,
na zauna jarrabawa cikin samari masu ƙamshin turare.
Aka tambaye ni sunayen gajimare,
ni da na girma ina leƙa shi daga sama.
Na ci. Suka ce saura rajista.
Na yi. Suka ce saura inshora,
ko zai faɗo kan wani.
Kan wa? Dutse ne a ƙasa, sai kogi.
Na sayar da tumaki uku na biya.
Suka auna shi da kaya, suka auna shi wayam,
suka maido min fom
wai da shuɗin biro na cike, baƙi suke so.

Injiniya Barrenechea ba mugu ba ne.
Yana da tari, da hoton 'yarsa a gefen kwamfuta.
Ya shimfiɗa taswirata ya danna yatsa:
"Nan manyan ungulayen dutse ke ƙwai,
guda ɗaya tak suke yi. Kauce musu."
Na buɗe baki zan yi musu,
na tuna na san sheƙar tun ina yarinya.
Na kauce. Tara ta zama sha huɗu.

Izini ya zo ran Talata, hatimi biyu,
da wani siririn layi a ƙasa
kamar ƙaya cikin safa:
kada jirgi ya fita daga ganin ido.
Sabuwar hanyar kuwa ta zagaya bayan ƙugun dutse,
daƙiƙa casa'in ba na ganin komai.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.

Babana Nemesio, shekara arba'in yana jan alfadari a hanyar nan,
bai taɓa ɗaga bargon ba.
Wa zai gaida abin da ya zo cinye masa abinci?
Daren nan ya sa na karanta layin sau biyu.
"Idon wa?" in ji shi.
"Nawa, ko na wanda aka rubuta sunansa."
Ya ci gaba da tauna ganyensa.
Da asuba na tarar ya goge takalmi.

Sabon fom, baƙin biro, mako biyar.
A Arekifa likita ya gwada masa ido.
Bai iya karatu ba,
amma da yatsa ya nuna inda kowane harafi ya fuskanta
har layin ƙarshe, wanda likitan kansa sai da tabarau.

Yanzu ƙarfe bakwai yana kan ƙugun dutsen,
hula, rediyo a hannu, alfadari a ɗaure.
Jirgi ya ɓace mini, zuciya ta tsaya.
"Na gan shi."
Iska.
"Ya wuce."

Jiya ya manta bai saki maɓallin ba.
Na ji yana ce wa alfadarin a hankali:
"Ci ciyawarka.
Ran da guguwa ta taso, mu za su nema."