Garin da Aka Kankare

A shagon Eulalia Bustamante, can saman tudun Valparaiso,
inda matakala ta fi titi yawa,
ta zaro takardar daga tsakanin kwali biyu
kamar mai ciro jariri daga ruwan wanka.
"Ja numfashinka baya," in ji ta.
"Saura bakwai a duniya. Shida,
in an cire wadda ɓera ya cinye wa teku."

Ga garin tun kafin ƙasa ta girgiza:
jiragen ruwa sun yi sahu a bakin gaɓa,
alfadarai na hawa da gangunan ruwa,
wata mata na shanya a kan soro,
hannunta a sama shekara ɗari da saba'in,
rigar ba ta bushe ba har yau.

A kusurwar ƙasa, ƙanana kamar ƙwan tururuwa,
haruffan sunan mai zanen: Fermin Olavarria.
Ba a takarda ya zana ba.
A kan dutse ne, farin dutse mai nauyin ɗan maraƙi,
da alli mai maiƙo,
ya jiƙa shi, ya mirgina tawada,
domin ya san ruwa da mai
ba su taɓa kwana ɗaki ɗaya ba.

Kuma komai a juye.
Tudun dama ya kai shi hagu,
ya fito da rana daga inda take faɗuwa,
ya rubuta sunan titinsu daga ƙarshe zuwa farko,
don in takarda ta sumbaci dutse
garin ya tashi daidai.

Sai wuri ɗaya.
Eulalia ta miƙo mini gilashin ƙara girma.
Wani shagon burodi, gefen coci,
allon ƙofarsa ya fito a birkice.
Nan hannunsa ya manta,
ya rubuta yadda ido ya saba karantawa.
"Masu kuɗi suna kiransa kuskure," ta ce,
"kuma don shi suke ninka farashi.
Ni kuwa na ce akwai wadda ke sayar da burodi a ciki."

Bayan bugu ɗari biyu
sai yaron shago ya kawo yashi da ruwa,
ya durƙusa, ya goge, ya goge,
coci ta tafi, jiragen suka nitse cikin farin laka,
kafin la'asar dutse ya koma sumul,
an zana masa tambarin kwalbar magani.

Ban saya ba. Aljihuna bai kai ba.
Na sauko matakalar ina ƙirgawa, na ɓata a ɗari da wani abu,
na tsaya inda nake zaton shagon yake.
Wani yaro na wanke mota.
Na tambaye shi burodi,
ya nuna mini hagu, ya yi tunani,
sannan ya nuna dama.